Malafar Istifanus

Istifanus ɗan Abraham bai iya waƙa ba. Wannan ba ƙazafi ba ne, shi ma da bakinsa yakan faɗa. A Gidan Manu, wani ƙauye a ƙasar Kafur inda aka haife shi, an taɓa sa shi cikin mawaƙan majami'a, don an ga yana da ƙirji da murya. Bai daɗe ba aka cire shi. In mawaƙa suka ja baiti suna lanƙwasa murya, shi sai ya riƙa zubo kalmomin a tsaye, wata na bin wata, kamar mai juye masara a buhu. Kafin su kai tsakiya ya gama, ya harɗe hannu yana jiransu. Malamin waƙa ya yi haƙuri har ya gaji, rannan ya ce masa, "Istifanus, Ubangiji yana jin ka ko ba ka buɗe baki ba. Koma baya ka zauna."

Ya koma baya ya zauna, amma bakin bai zauna ba.

Abin da aka ba shi magana ce mai tafiya da ƙafarta. In yana huɗa, kowane saran garma yana da kalmar da ke sauka a kansa, kuma ƙarshen kowace magana yakan dace da na wadda ta gabace ta. Ba ya rerawa, faɗa kawai yake yi, da sauri, ba ya tuntuɓe. Abin da ke gabansa shi yake faɗa: tsutsar auduga, ciwon baya, takin zamani da ba ya isowa sai dawa ta fid da kai, jakin maƙwabci da ya fi maƙwabcin hankali. Samarin ƙauyen suka rasa sunan da za su ba abin. Ba waƙa ba ce, ba kirari ba ne, ba kuma gambara ba, don ba ya zagin kowa a biya shi ya yi shiru. Sai suka riƙa ce masa zuba. "Ku matso, Istifanus zai zuba."

Wanda ya fara sa masa ganga shi ne Shitu, makaɗin noma daga Kafur, wanda ya gaji kiɗa iyaye da kakanni. A wata gayya ce, shekarun da naira take sabuwa a hannun mutane. Shitu ya ji saurayin yana zuba a bakin kunya, ya matso ya sa gangar a ƙarƙashin maganar, sai ga abu ya zauna daram kamar tukunya a kan murhu. Ranar an gama gonar rana ba ta karkata ba. Daga nan duk mai gayya in ya aika wa Shitu goro, sai ya ce a taho da ɗan mishan ɗin nan mai baki.

Labari ya kai kunnen Abraham. Shi dattijo ne a majami'a, manomi ne kuma da ba a taɓa ganin gindin rumbunsa ba. Ba mai yawan magana ba ne. Ya riga ya yanka wa Istifanus gayauna a bakin rafi, ƙasa baƙa mai riƙe laima. Da amfaninta Istifanus ya auri Dorkas, daga cikinta suke sutura, ita ce kuma ta raba shi da yaran gida masu jiran a ɗebo musu daga rumbun gandu.

Tsohon ya kira shi gindin rumbu, yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗago ba.

"An ce ka zama maroƙi."

"Baba, ni ba roƙo nake ba. Magana kawai nake yi."

"Duk mai buɗe baki a gaban ganga roƙo yake, ko ya sani ko bai sani ba. Gidanmu ba mu gaji roƙo ba, kafin bishara ta zo da bayan ta zo. Ban hana ka surutunka ba. Amma ranar da na ji an liƙa maka kuɗi ka kira sunan wani, ranar gayaunar nan ta koma gandu, kai kuma ka bi mai sunan ya ciyar da kai."

"Ba za ka ji ba."

"Kunnena na nan."

To, kowa ya san yadda liƙi yake. Mutum ya keto fili, ya manna takardar kuɗi a goshin mai waƙa, zufa ta riƙe ta. Da ta zauna, an ɗaure bakinka ke nan: ganga za ta juya ta buga taken mutumin, kai kuma dole ka kira shi, ka kira ubansa, ka ce ba a taɓa yin irinsa ba, ko da jiya ka gan shi yana satar kaji. Ba a mai da liƙi. Wanda ya cire ya miƙa wa mai shi, ya zage shi a bainar jama'a.

Istifanus ya yi ta juya maganar a ransa. Ran kasuwa ya tafi Malumfashi ya sayo malafa, babba, mai faɗin baki, irin ta makiyaya. Dorkas ta sa mata igiyar fata. Tun daga ranar, duk inda zai zuba sai ya danna ta har bisa gira, ya ɗaure a haɓa tamau. Mai son liƙi ya zo ya yi ta zagaye, ya rasa goshin da zai manna wa, a yi ta dariya, ya juya ya manna wa Shitu. Shitu ya buga taken mutum da ganga, Istifanus kuwa ya ci gaba da maganar tsutsar auduga.

Abin bai yi wa Shitu daɗi ba. Liƙin da ba a kira suna ba ba ya maimaituwa.

"Kai ɗan mishan," in ji shi wata rana suna komawa gida, "wace irin mugunta ce wannan? Allah ya ba ka goshi kamar faifai, ka rufe shi. Da ni ke da shi da tuni na yi kwanon rufi."

"Naka ai yana aiki, Sarkin Kiɗa. Har ya fara sulɓi."

"Suna ɗaya fa. Ka ce wane ɗan wane, shi ke nan. Harshenka zai faɗi?"

"In na kira ɗaya, gobe na biyu zai ce me ya fi shi da shi. Jibi kuma ba ni da bakin faɗin abin da nake so, sai abin da suke so."

"Sannu, mai baki. Ni dai yarana ba sa cin dariya."

Haka suka yi ta tafiya damina bayan damina, suna faɗa suna shiryawa, har aka daina ce wa Istifanus ɗan Abraham, aka koma ce masa Mai Malafa.

Shekarar da aka fara maganar komawa siyasa, Alhaji Maitama ya kira gayya. Babban dillalin auduga ne a Funtuwa, yana da gona tsakanin Kafur da Malumfashi wadda mai tsaye a wannan baki ba ya gane wanda ke wancan. Ba mugun mutum ba ne, hannunsa a sake yake. Sai dai a lokacin yana son sunansa ya shiga bakin mutanen ƙauye, ya kuma ji cewa abin da Mai Malafa ya faɗa yau, gobe yana bakin kowa. Ƙauyuka suka fito da garemani. Abraham ma ya zo, don an aika masa goro a matsayinsa na babban manomi.

Rana ta take, aiki ya yi zafi, Istifanus yana tsaye kusa da Shitu yana zuba, sai ga Alhaji ya keto kunyoyi, ya tattare babbar riga a kafaɗa.

"Kai ne mai malafar?"

"Ni ne, Alhaji. Barka da rana."

"An ce ba ka kiran sunan kowa."

"Ba raini ba ne, Alhaji. Ban iya ba."

"Yau za ka koya. Ai ba wuya."

Yana murmushi ya sa hannu ya ɗaga malafar. Igiyar ta riga ta tsufa, ta tsinke. Goshin ya fito fili, jiƙe da zufa, ya fi sauran fuskar haske don daɗewa a inuwa. Alhaji ya manna masa sabuwar takarda, ya danna da babban yatsa, ya ja da baya.

Hannun Shitu bai jira Shitu ba. Gangar ta juya da kanta ta kama taken Alhaji Maitama. Garemani suka tsaya. Kowa ya miƙe yana kallo. Can a ƙarshen wata kunya Abraham ya jingina da garmarsa, ya zuba wa ɗansa ido.

Istifanus ya ji takardar tana manne kamar kaska. In ya sa hannu ya cire ya sa aljihu, ya karɓa. In ya miƙa wa Alhaji, ya zagi mutum a gonarsa, mutumin da ke sayen audugar ƙauyensu duka. In ya buɗe baki a kan wannan taken, ko me ya faɗa, na Alhaji ne. Gangar kuwa tana ta kiransa, tana barin gurbin da zai sa sunan.

Bai taɓa takardar ba. Ya miƙa hannu ya karɓi garmar wanda ke kusa da shi, ya shiga kunya, ya sunkuya. Ya kafa sara. Bai bi ganga ba, garma ya bi.

"Garma sara, ƙasa ki juya,
ni da ke muka san wuya.
Rana ta ci ni, ban yi kuka ba,
ruwa ya makara, ban yi ƙaura ba.
Goshin nan zufa ta raine shi,
ba bango ba ne a manna wa shi.
In zan kira suna, dawa zan kira,
ita ke zuwa gidana ba ta jira.
Mai son suna ya kama ƙota,
gona ta faɗa masa, ba ta ɓata."

Yana sara yana zuba, kai a ƙasa, zufa na gangarowa. Takardar ta jiƙe, ta zame bisa hanci, ta faɗi cikin kwarin kunya. Bai taka ta ba, bai rufe ta da ƙasa ba. Ya ɗaga garma ya tsallake wurin, ya ci gaba da huɗa a gaba, ya bar giɓi a kunyar, takardar na kwance a tsakiya.

Wani daga baya ya yi kuwa. Garma ɗaya ta sauka, ta biyu ta bi, sai ga gayyar duka ta sunkuya tana sara a kan maganarsa. Shitu ya ga taken nan ba mai bi, ya sassauta hannu, ya yi shiru.

Takardar ta daɗe a wurin. Ba wanda ya isa ya ɗauka, ba wanda ya isa ya rufe. Daga baya direban Alhaji ya zo ya tsince ta yana waige-waige. Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Yaron nan yana da taurin kai, Allah ya shirye shi." Ya ajiye malafar a kan kunya, ya ce Shitu ya same shi wajen mota.

A hanyar gida Istifanus ya yi ta jiran uban ya ce wani abu. Sai da suka hango rufin ƙauye tsohon ya yi magana.

"Kunyarka tana da giɓi. Ruwa zai bi ta nan."

"Na sani, Baba."

"Gayaunar tana nan a yadda na ce. Aro ce har yanzu. Mai son a saurare shi, wata rana da hannunsa zai cire malafar."

Kashegari Shitu ya zo, bai ɗauko ganga ba. Ya ƙi zama a tabarma.

"Ba don Alhaji kaɗai ba ne," in ji shi. "Ka san abin da ka faɗa jiya? Ka ce goshinka ba bango ba ne. To nawa fa? Na ubana fa? Da shi aka raine ni. Makaɗa duk sun ji, daga nan har Dandume. Ba wanda zai ƙara sa maka ganga."

"Ban nufe ka ba, Sarkin Kiɗa."

"Na sani. Shi ya sa na zo da ƙafata ban aiko ba. Sai wata rana, ɗan mishan."

Wannan ta yi wa Istifanus ciwo fiye da yatsan Alhaji. Ya yi damina bai zuba a gaban kowa ba. Mutane suka ce an gama da Mai Malafa. Shi kuwa ya sa Dorkas ta yi wa malafar sabuwar igiya, riɓi biyu.

Da rani ya tafi Funtuwa dakon buhunan auduga. Da ya dawo bai zo da keke ba kamar sauran, ya zo da tsohuwar rakoda mai cin kaset, wadda murfinta sai an tokare da tsinke. Ya zuba a cikinta shi kaɗai, ya saurara, ya ji maganar tana reto ba abin da ya riƙe ta, kamar ɗaki ba ginshiƙi. Ya gwada dukan garwa, ya gwada tafi, bai yi ba.

Wata safiya yana zaune yana shanya batura a rana don su ƙara ƙarfi, Dorkas da matan gidan suna surfen dawa. Aiki ya yi musu daɗi suka shiga luguden nan nasu: wannan ta saki taɓarya sama ta tafa, waccan ta buga gefen turmi, ta ukun ta cike. Bakin Istifanus ya fara motsi da kansa. Ya tashi a hankali ya ajiye rakodar kusa da turmi, ya danna.

"Mene ne kuma?" in ji Dorkas, ba ta tsaya ba.

"Ci gaba. Kar ki sake hannu."

"Au, yau turmina ne ya zama Shitu? To ni a liƙa mini, ba ni da malafa."

Akwai wani mai gyaran rediyo a tashar Malumfashi, Mati, abokinsa. Shi ya ara masa rakoda ta biyu. Sai a kunna luguden a ɗaya, Istifanus ya durƙusa tsakaninsu ya zuba, ɗayar ta ɗauki duka. Ba su san yadda ake goge abin da ba a so ba. Saboda haka a kaset ɗin farko, ana tsakar magana sai akuya ta yi kuka, Dorkas ta ce, "Kai, ku kore min 'yar banzar nan!" Istifanus ya so a sake. Mati ya ce batur ya ƙare, a bar shi haka. Daga baya wurin nan ne mutane suka fi so, in an zo kansa sai mota duka ta amsa, "Ku kore min 'yar banzar nan!"

Mati ya ba shi shawara ya sa sunan ko direba ɗaya, don kaya su gudu. Ya ce a'a. Wani mai shagon kaset a Funtuwa ya ce zai ɗauke masa wahalar kwafa ɗaya bayan ɗaya, in dai za a sa gaisuwar masu gida a farko. Ya ce a'a, ya ɗauki malafarsa. Ran kasuwar Malumfashi sai ya shimfiɗa buhu a layin 'yan hatsi, tsakanin mai gero da mai wake, ya jera kaset a faifai. Da suka ce ba nan ne wurinsa ba, ya ce, "Ni na shuka, ni na girbe, ni na sussuke. Ina kuke so in kai?"

Direbobi suka ɗauka. Motocin Kafur da na Musawa suka riƙa shigowa tasha da luguden matan Gidan Manu. Wata shekara, wajen tsakiyar shekarun tamanin, Mati ya kira shi rumfa ya kunna masa wani kaset da wani ɗalibi ya kawo daga Kaduna. Baƙaƙen Amurka ne, suna zuba da Turanci a kan kiɗa mai nauyi. Istifanus ya karkata kai ya daɗe yana ji.

"Su ma an kore su daga majami'a ke nan?"

"Wannan fa shi ake yayi a can."

"Sunan wa suke kira?"

"Yaron ya ce yawanci nasu suke kira."

"To, da sauƙi. Amma lugudensu bai kai na Dorkas ba."

Duk wannan Abraham bai taɓa saurara ba. Ƙafa ta yi masa nauyi, ya daina zuwa kasuwa. Abin da ya kai kunnensa shi ne ɗansa yana shimfiɗa buhu a Malumfashi mutane na ajiye masa kuɗi saboda baki. A wurin tsohon, wannan roƙo ne ya sake riga. Ya gaya wa Dorkas cewa zai je ya gani da idonsa, in haka ne, bana gandu zai nome bakin rafi.

Ran kasuwa ya zo da sandarsa rana tsaka. Ya tsaya a gaban faifan kamar bai san mai shi ba. Ya zaro kuɗi ya saki a kan buhun, bai ɗauki komai ba, ya juya zai tafi.

"Baba," in ji Istifanus, "kuɗinka sun faɗi."

"Na ba ka ne. An ce kana da baki."

"Nan ba a bayarwa, saye ake yi. In ba ka son kaya, ɗauki abinka."

Tsohon ya dawo, ya sunkuya da kyar ya ɗauki kuɗinsa. Sannan ya tsuguna, ya ɗauki kaset ɗaya ya juya shi, ya auna nauyinsa a tafin hannu kamar mai duba zangarniyar dawa.

"Mai kaya, nawa?"

Istifanus ya faɗa. Tsohon ya taya da rabi.

"Albarka."

"Abin da ko tuwo ba a yi da shi?"

"Albarka, Baba."

"Ubanka ne fa ke tayi."

"Ko Alhaji Maitama ne, kuɗinsa ke nan."

Abraham ya ajiye, ya miƙe, ya kama hanya a hankali, irin tafiyar mai saye da ke jiran a kira shi. Istifanus ya bi bayan rigar da kallo. Gayaunar ce ke tafiya da sanda. Bai kira ba. Tsohon ya kai har wajen masu barkono, ya tsaya, ya daɗe yana kallon barkonon da ba ya ci. Sannan ya juyo. Ya biya yadda aka faɗa, ya sa kaset a aljihu, ya tambayi inda rumfar Mati take.

A can ya zauna a benci, ya sa aka kunna masa, ya ji gaba ya ji baya, hannu biyu a kan sanda. La'asar ta yi kafin ya dawo layin 'yan hatsi.

"Na ji duka," in ji shi. "Ba sunan kowa. Akuya kaɗai aka ambata, ita ma zaginta aka yi."

"Haka ne, Baba."

"Waƙa dai har yanzu ba ka iya ba."

"Ban iya ba."

Tsohon ya gyara tsayuwa. "Bakin rafin nan, in ruwa ya sauka ka dasa gamba a iyaka. Ka daina ce mata gayauna. Gonarka ce, ta 'ya'yanka ce." Ya leƙa ƙarƙashin malafar. "Cire abin nan in ga fuskarka. Na manta yadda take."

Istifanus ya kai hannu ga igiyar. Ya dubi kasuwa, cike da mutane, kowa da aljihunsa. Ya ƙara jan ƙullin.

"Sai mun je gida, Baba."